Kafin Ka Sa wa Tsohuwar Kwandala Farashi, Koyi Duba Ta

Da wuya a sami gidan da babu wani gwangwani ko tsohuwar kwalla da ake zuba tarkace a ciki, kuma in ka zazzage ba ka rasa kobo mai huji, ko sisi, ko sule mai kan Sarauniya. Tun da aka fara yaɗawa a WhatsApp wai ana sayen irinsu da miliyoyi, kowa ya tono nasa ya shiga lissafin fili a Gwarinpa da ke Abuja. Ƙanena, sauko ƙasa tukuna. Yawancin sulallan nan an buga su ne miliyoyi bisa miliyoyi, kuɗinsu bai taka kara ya karya ba.

Abu uku ke sa wa kwandala kuɗi: ƙarancinta, yawan masu nemanta, da lafiyar jikinta. Biyun farko kundin masu tara sulalla zai gaya maka. Na ukun kuwa idonka ne zai yanke. Sai ka ga sulalla guda biyu, shekararsu ɗaya, gidan bugunsu ɗaya, amma ɗaya ya ninka ɗan'uwansa kuɗi sau da yawa don kawai bai sha hannu ba. Wanda ya iya gane wannan ba a cutarsa wajen saye, ba ya kuma jin kunya wajen sayarwa. Ga yadda za ka koya.

1. Ajiye soson nan

Tsamiya, toka, lemon tsami, man goge baki, Brasso, soson ƙarfe, ko ɗaya kada ya kusanci kwandalarka. Na sa wannan a farko don ita ce ɓarnar da ba ta gyaruwa. A lokacin bugu, ƙarfen yana malala a ƙarƙashin hatimi ya bar siraran layukan da ido ba ya rarrabewa, su ne ke ba sabuwar kwandala sheƙinta. Gugar minti ɗaya ta share su har abada.

Duhun da azurfa ke yi in ta tsufa, da launin ƙasa-ƙasa da tagulla ke komawa, masu saye ba su ɗauke su datti ba. Sun fi son su a kan walƙiyar tsumma. Manyan kamfanonin tantancewa in suka ga alamar guga ba sa ba kwandala lamba, sai dai su rubuta a jikin mazubinta cewa an goge ta, farashi kuma ya faɗi.

In ƙura ce kawai, busa mata iska da 'yar robar nan ta masu gyaran agogo, ka ƙyale ta haka.

2. Haɗa kayan aiki gobe da safe

Gilashin ƙara girma guda biyu, mai ninki 5 da mai ninki 10. Sikelin dijital irin na 'yan gwal, wanda ke nuna lamba biyu bayan ɗigo. Ƙaramin maganaɗisu, rula mai milimita, fitilar tebur mai ƙwai ɗaya, tawul mai laushi, da littafin rubutu. Leƙa wurin masu kayan gyaran waya a Banex nan Abuja, ko ka tambayi 'yan gwal na kasuwar Wuse inda suke sayen nasu.

Mai ninki 5 shi ne na yanke hukunci. Mai ninki 10 na karanta ƙananan haruffa ne da farautar jabu. In ka wuce haka, kowane ɗigo sai ya zama rami a idonka, ka yi ta zaluntar kwandala mai kyau.

3. San wace ce kafin ka ce yaya take

Karanta shekara, sunan sarki, da ƙimar da aka rubuta. Sulallan da za ka fi cin karo da su a nan kashi huɗu ne.

Akwai na Yammacin Afirka ta Ingila, waɗanda aka fara bugawa daga 1907: anini, ɗari da kobo masu huji, da tauraro mai tsini shida a baya, da rubutun Larabci a ƙasan hujin. Aninin 1907 na alminiyon ne, yana cikin sulallan farko a duniya da aka yi da wannan ƙarfe, kuma da yanayinmu ya cinye shi sai aka canza ƙarfen a 1908. Daga 1913 aka shigo da taro, sisi, sule da fataka na azurfa. Daga 1920 aka bar azurfa aka koma wani ƙarfe mai ruwan ɗorawa.

Akwai na Tarayyar Nijeriya na 1959, shekarar da Babban Banki ya fara aiki: taro mai kusurwa 12 da auduga, sisi mai koko, sule mai ganyen kwakwar manja, fataka mai gyaɗa. Sai na naira da kobo daga 1973, irin su kobo 25 mai dalar gyaɗa, da naira ɗaya mai Herbert Macaulay ta 1991, da naira biyu ta 2007 mai ginin Majalisar Tarayya na nan Abuja. Na huɗu ita ce dalar azurfa mai kan Mariya Tereza, wadda fatake suka riƙa ƙetaro Sahara da ita, wadda kakanninmu mata suka yi ado da ita.

A sulallan zamanin Turawa nemi ƙaramin harafi kusa da shekara ko a gindin zanen. H na nufin gidan bugun Heaton da ke Bamingam, KN na nufin King's Norton, in babu harafi kuwa daga Landan take. Harafi ɗaya na iya raba wadda ta cika kasuwa da wadda ake nema ruwa a jallo, shi ya sa ba a tsallake wannan.

Abu biyu da ke ruɗar sababbin shiga. Dalar Mariya Tereza kusan duk 1780 aka rubuta mata, ko da a ƙarni na ashirin aka buga ta, kuma an buga ɗaruruwan miliyoyi. Haka kobo mai huji na 1936 mai sunan Edward na Takwas: gaskiya ne sarkin bai cika shekara a kan gado ba, amma kobon nasa an buga shi da yawan gaske. Labarin na da daɗi, farashin kuwa matsakaici ne.

Buɗe shafin Numista a wayarka. Kyauta ne, kuma yana ba da nauyi, faɗi da irin ƙarfen kusan kowace kwandala.

4. Tabbatar ba jabu ba ce

Ɗora ta a sikeli. Dalar Mariya Tereza giram 28 ce da 'yan kai. Sulen azurfa na 1913 giram 5.65 ne, fataka kuwa 11.31. Wadda ta sha yawo za ta ɗan ragu kaɗan, amma in ka ga gibin giram ɗaya ko biyu, mayar wa mai ita.

Kawo maganaɗisu. Azurfa, tagulla da farin ƙarfen sulen 1959 ba sa kamawa. In dala ta manne, ƙarya ce. Amma kada ka yi wa naira ɗaya ta 1991 wannan hukuncin, ita dama baƙin ƙarfe ne aka lulluɓe, dole ta kama.

Juya gefenta. Dalar gaske tana da rubutu mai tudu kewaye da gefe. Sule da fataka na 1938 zuwa gaba suna da wata 'yar kwari a tsakiyar gefen, wadda aka ƙirƙiro don masu buga na jabu sun addabi hukuma a lokacin. Wadda aka zuba a narke kuwa za ka ga layin haɗi a gefe, ko ƙananan ramuka a fili, haruffanta kuma dagwale-dagwale.

5. Riƙo da haske

Shimfiɗa tawul, ka riƙe kwandala ta gefe da babban yatsa da manuni. Kada yatsa ya hau fuskarta, gumi na barin shaidar da ba ta fita. Kada kuma ka yi magana a kanta, feshin yawu kan zama baƙin ɗigo bayan 'yan watanni.

Kashe dogon ƙwan ɗaki, ka ja labule, ka bar fitilar tebur kaɗai. Hasken da ya bazu ko'ina yana ɓoye ƙarce. In an ɗauke wuta, fitilar caji mai ƙwai ɗaya za ta yi, amma ka saba da fitila ɗaya kullum domin idonka ya sami ma'auni.

Fara kallo ba gilashi. Karkata ta, ka juya ta a hankali. A kwandalar da ba a taɓa ba, za ka ga haske ya tsaya a layi yana zagaye fuskarta kamar hannun agogo. A wadda aka goge, hasken zai fantsamo gaba ɗaya, fau, ba ya zagayawa, kuma in ka karkata daidai za ka ga siraran ƙarce sun jeru sun nufi gefe guda. Wannan gwajin kaɗai in ka iya shi ka wuce rabin masu talla.

6. Tafi kai tsaye wurin tudu

Nan ne aikin yake, don haka kada ka yi gaggawa. Kwandala ba ta sudewa bai ɗaya. Wuraren da suka fi tudu su ke fara haɗuwa da yatsa da aljihu da tebur, saboda haka su ke fara lafewa. Kowane zane na da nasa wuraren, kuma haddace su za ka yi.

A sulen Sarki Joji na Biyar, dubi ɗamarar kambin. Akwai 'yan duwatsu jere biyu-biyu, da wani mai kusurwa huɗu a tsakiya. Na tsakiyar da waɗanda ke kusa da shi su ke fara ɓacewa. Daga nan sai saman kunne, gashin baki da gemu. In duwatsun duk sun fito ɗai-ɗai, kana riƙe da abu mai kyau. In ɗamarar ta zama shafaffen layi, sulen ya yi yawon kasuwa ba kaɗan ba. A baya kuma ka duba ganyen bishiyar da saƙar jikin kututturenta.

A na 1959, kambin Sarauniya, gashin da ke saman kunne, da kumatu. A kobo mai huji babu kan kowa, sai ka koma kan kambin da ke saman hujin, da inda layukan tauraro suka hau juna, da kaifin haruffa.

A na naira da kobo, tambarin ƙasa ne madubinka: ƙirjin gaggafa, gezar dawaki da kafaɗunsu, da haruffan taken da ke ƙasa. A kobo 25 ka duba ko buhunan dalar gyaɗa suna rarrabuwa ko sun haɗe. A Macaulay, gashin bakinsa da ƙashin kumatu.

A dalar azurfa kuwa, akwai wani ƙawanyen ado a kafaɗar sarauniyar wanda 'yan duwatsu suka kewaye. 'Yan kasuwar Habasha da Yaman sun daɗe suna shafa shi da babban yatsa, in duwatsun sun lafe su ƙi karɓa ko su rage mata daraja. Ba su da gilashi, ba su da kundi, amma daidai wurin da masana na yau ke dubawa suke dubawa. Bayan shi sai ka duba adon goshinta da gashin gaggafa mai kai biyu da ke baya.

Kula da launi. Wurin da ya sude yana dusashewa, ya bambanta da kewayensa. Wani lokaci kuma za ka ga wuri a lafe amma sheƙinsa na nan daram. Wannan ba sudewa ba ce, hatimi ne bai danne sosai ba tun a gidan bugu. Sababbin shiga suna yawan haɗa biyun.

7. Yanzu ba ta mataki

Dillalan duniya suna amfani da 'yan haruffa, Amurkawa kuma suna ƙara lamba daga 1 zuwa 70, tsarin da William Sheldon ya fito da shi a 1949. Ga su daga ƙasa.

G, wajen lamba 4: ta sude ƙwarai, inuwar kai da shekara kawai suka rage. F, 12 zuwa 15: manyan sassan zane na nan, ƙanana sun tafi. VF, 20 zuwa 35: tudu ya lafe a fili, amma yawancin zanen ya fito. EF ko XF, 40 zuwa 45: sai ka duba da kyau za ka ga lafewa a kan tsororuwa, kuma akwai sauran sheƙi a tsakanin haruffa. AU, 50 zuwa 58: ɗan shafi kaɗan a wuri ɗaya ko biyu, sheƙi kusan duka. UNC ko MS, 60 zuwa 70: ba ta taɓa yawo ba sam. A wannan sahun abin da ke raba su shi ne tabon da suka yi wa juna a buhun banki, da ƙarfin bugu, da kyan gani.

Shawarata, a shekararka ta farko ka manta da lambobi. Riƙe haruffan nan shida. Mutumin da bai gama raba VF da EF ba, ba shi da hurumin gardama a kan 63 da 64.

Dillalan Ingila sun fi tsauri. Abin da suka kira EF, sau da yawa Ba'amurke AU zai ce. Tunda sulallanmu na zamanin Turawa a kasuwar Landan suka fi yawo, ka riƙa lura da wanda ya rubuta matakin.

Duba gaba da baya daban-daban. In sun saɓa, rubuta duka biyu, misali VF/EF. In kana shakka tsakanin mataki biyu, ɗauki na ƙasa. Kowa idonsa na ƙara wa kayansa kyau, kai ma haka.

In ka ga PF ko PR, wannan nau'in bugu ne na musamman, mai fili sumul da ake ganin fuska a ciki, wanda ake yi don masu tarawa. An yi wa sulallan 1959 da na 1973 irinsa.

8. Lahani daban, sudewa daban

Bayan mataki, rubuta duk wani aibu da sunansa: lotsawa a baki, ƙarce mai zurfi, koren tsatsa, lanƙwasa, huji. Yawancin dalolin da ke hannun mutanenmu an taɓa yin sarƙa da su, don haka ka duba saman kan sarauniyar ko akwai tabon dalma inda aka cire maratayi, ko hujin da aka cike. Irin wannan ko zanenta ya kai EF, kuɗinta na komawa kusa da nauyin azurfarta. Kobo mai huji kuwa da hujinsa aka haife shi, sai dai ka duba ko igiyar da ake zura shi ta ci bakin hujin.

9. Gina tsaninka

Karatu ba zai ba ka ido ba. Nemi kwandala iri ɗaya guda goma ko fiye, mai araha, kamar sulen 1959 ko kobo 10 na 1973. Tambayi tsofaffin gida, ko ka sa a duba maka wurin masu kayan tarihi a kasuwar Kurmi in wani zai je Kano. Jera su daga mafi sudewa zuwa mafi kyau. Wannan jerin shi za ka riƙa gwada duk wata sabuwa da shi.

Rubuta matakin kowace a littafi, ka rufe. Bayan mako guda ka cakuɗa su ka sake yankewa ba tare da leƙa na baya ba. Inda amsoshinka suka saɓa, nan idonka ke da rauni.

Da dare, maimakon zagayen TikTok, shiga rumbun gwanjon Heritage ko na Spink ka nemo sulallan Yammacin Afirka da aka riga aka tantance. Rufe matakin da yatsa, yi hasashenka, sannan ka buɗe. Minti goma kullum ya fi awa uku ranar Asabar.

Gani ya kori ji. Babban Bankin Nijeriya na da gidan tarihin kuɗi a hedikwatarsa da ke tsakiyar Abuja, wanda aka buɗe a 2009, daga wuri da mundayen ƙarfe har zuwa naira. Ginin banki ne, don haka ka nemi izini tun kafin ka je. In ka shiga, tsaya a gaban sulallan da kake da irinsu ka ƙare musu kallo.

Sulallan 2007 suna da kyau wajen koyon gane sheƙi, tunda da yawansu ba su yi yawo ba. Amma har yanzu kuɗin ƙasa ne, kuma sashe na 21 na dokar Babban Banki ta 2007 ya hana cinikin naira da lalata ta. Yi atisaye da su kawai.

10. Adana abin da ka tantance

Daminar Abuja doguwa ce, laimarta kuma tana sa tagulla yin kore. Hunturu ya zo da ƙura, wadda in ta shiga tsakanin sulalla biyu sai ta ƙarce su. Saboda haka kowace da ɗakinta: ƙwanson roba mai tauri, ko kwalin nan mai tagar leda da ake naɗewa biyu.

Guji leda mai laushi mai warin sabon labulen banɗaki. Da zafi ya taɓa ta sai ta fitar da wani koren danƙo mai cin ƙarfe. Guji robar ɗaure kuɗi, tana baƙanta azurfa. Zuba su a mazubi mai murfi, ka jefa 'yan ƙunshin shan laima da ke zuwa cikin kwalin takalmi, ka ajiye nesa da kicin da hayaƙin turaren wuta. Wadda ta fara kore, ware ta daga sauran.

11. In ka tashi sayarwa

Duba abin da aka sayar da irinta a matakinta, kada ka bi abin da wani ya rubuta yana nema. A eBay akwai wurin da ke nuna waɗanda aka riga aka saya, can za ka leƙa.

Ɗauki hoton gaba, baya da gefe a hasken fitilarka, ba tace hoto. Faɗi lahani da bakinka kafin mai saye ya gano.

Kamfanonin PCGS da NGC, waɗanda aka kafa a Amurka a 1986 da 1987, suna tantance kwandala su rufe ta a mazubi da lambarta. Da dala ake biya, ga kuɗin aikawa da inshora, kuma yawancin abin da ke gwangwaninmu bai kai kuɗin tafiyar ba. Sai wadda kundi ya nuna tana da ƙaranci, kai kuma ka ba ta EF ko sama, za ka yi wa wannan tunanin.

Duk wanda ya ce akwai wani sinadari a cikin kobonka da Turawa ke nema, amma sai ka fara biyan kuɗin gwaji ko na rajista, toshe lambarsa. Mai saye na gaske shekara zai tambaye ka, da harafin gidan bugu, da nauyi, sannan ya ce ka turo masa hoton gefe.